Baƙi sun tafi, kogin Isa yana nan

Akwai sana'ar da ta mutu a Yamai ba a yi mata zaman makoki ba. A da, in baƙo ya sauka garin nan daga Turai, ko ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ya samu hutun ƙarshen mako, abu biyu ake fara yi masa tayi. Ko a kai shi Kure ya ga raƙuman dawa, ko a sa shi a kwale-kwale a haura kogin Isa da shi zuwa Bubon, tafiyar kilomita 25 ko kusa da haka, inda mata ke ginin tuluna da randuna, kasuwa kuma ke ci ranar Laraba. A hanya a bi ta gefen gungun Kanazi, a kashe inji nesa da inda dorinai ke kwance, baƙo ya ɗauki hotonsa. Mai dogon hutu ya zarce Ayoru don kasuwar Lahadi. Mutane da yawa sun ci abinci ta wannan hanya: mai jirgi da yaronsa, mai yi wa baƙi jagora, mai gasa kifi, da tsohuwar da ke sayar da ƴan tukwanen ado.

Yadda abin ya lalace kowa ya sani. A watan Janairu na 2011 aka sace wasu samari biyu ƴan Faransa a wani gidan abinci a tsakiyar Yamai. Shekara ta zagayo arewacin Mali ya kama da wuta. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu yankunan jihar Tilaberi. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a dajin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan ƙasa biyu, direbansu da jagoran da ya kai su. Annobar korona ta ƙara nata, sannan juyin mulkin Yulin 2023 ya sauya dangantakarmu da ƙasashen da akasarin baƙin ke fitowa. Masu jiragen da suka dogara da baƙi wasu sun koma su, wasu fito, wasu sun bar ruwan gaba ɗaya.

Abin da nake so in ce shi ne kada mu zauna jiran dawowar waɗannan baƙi. Tun farko an gina sana'ar a kan ƙafa ɗaya, domin mun ɗauka shiga jirgi don kallo da jin labari harkar annasara ce, mu namu fito ne in ta kama dole. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan 1, kuma garin ya ƙara cika sosai tun daga lokacin. Tambayi abokan aikinka a ofis, ko ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ke tsallaka gadar Kennedy safe da yamma, mutum nawa cikinsu suka taɓa zama a kwale-kwale suka dubi garin daga tsakiyar ruwa. Ga fasinjojin nan a gida, ba mu taɓa yi musu tayi ba.

Wani ƙaramin gari a Japan ne ya sa ni wannan tunani. Sunansa Tomonoura, a bakin tekun Seto, ƙarƙashin birnin Fukuyama a lardin Hiroshima, mutanensa ƴan dubbai ne kawai. A zamanin jiragen iska garin ya yi arziki saboda igiyar ruwan da ke shigowa daga gabas da wadda ke shigowa daga yamma a daidai nan suke haɗuwa, don haka dole matuƙa su yada zango su jira ruwa ya juya kafin su ci gaba. Jakadun Koriya da ke zuwa Japan a nan ake saukar da su. Da jiragen inji da jirgin ƙasa suka zo, ba wanda ke bukatar jiran ruwa kuma, sai garin ya koma baya. Amma tashar ta tsira yadda take: matakalar dutse da ake sauke kaya a kanta, tsofaffin ɗakunan ajiya, da hasumiyar fitila ta dutse da aka gina a 1859. Yau akwai masu jagora da ke ɗaukar mutane a ƙananan kwale-kwalen roba da ake kira kayak, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. A koya maka riƙon filafili a gaɓa, a sa maka rigar ruwa, jagora ya shige gaba ku zagaya tashar, ku nufi tsibirin Sensuijima da ke daura da garin, yana ba ku labarin wuraren da kuke wucewa. A watan Mayu kuma masunta na nuna wa jama'a tsohon salon kamun kifinsu da taru, ƴan kallo na biye da su a jirgi. Yawancin masu zuwa Tomonoura ƴan Japan ne, iyalai da ɗalibai da tsofaffin da suka yi ritaya. Ba su jira wani ya taso daga Amurka ya gaya musu tasharsu abin kallo ce ba.

Za a ce ai Yamai ba tsohon gari ba ne irin wannan. Gaskiya ne, sai a 1926 aka dawo da babban birni nan daga Damagaram, kuma ba mu da hasumiyar dutse. Amma Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde ƙauyukan bakin ruwa ne tun kafin Bature ya kafa barikinsa, birni ne ya zo ya haɗiye su. Tsakanin Gudel da Saga kaɗai, ba tare da an fita gari ba balle a shiga yankin da ake fargaba, akwai abin da zai cika wa mutum wuni. Gadoji uku, kowace da zamaninta: ta Kennedy a 1970, wadda kafin ita sai da jirgin fito ake zuwa Harobanda, ƙetaren kogi, ta abotar Sin da Nijar a 2011, ta Janar Seyni Kountché a 2021. Ga lambunan Yantala da ke ciyar da kasuwannin gari da salati da kabeji. Ga ƴan wanki sun shanya kaya kala-kala a gaɓa, ga jiragen da ke sauke kabewa tuli-tuli kusa da gadar Kennedy, ga majemar Gamkalle da za ka ji ta da hanci kafin ka gan ta. Ga shinkafar Saga da Kirkisoy, ga madatsar Gudel da aka yi don garin ya samu ruwan sha in kogi ya ja baya.

Kogin kansa darasi ne da ya fi na allo. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini zuwa teku a Najeriya, kimanin 550 daga ciki a ƙasarmu. A Yamai sau biyu yake cika a shekara, kuma yaran gari da yawa ba su san dalili ba. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararo ruwan da ya sauka a Burkina Faso da yammacin Tilaberi. Ruwan ja ne jawur don ƙasar da ya kwaso, yana zuwa da gaggawa, shi ne kuma mai rushe gidaje. Cika ta biyu ruwan Gini ne. Damina ɗaya ce ta zubar da su, amma shi sai ya bazu a fadamun Mali wajen Mopti ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana kiransa baƙin ruwa. Wato lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu, hazo ya rufe gari, a lokacin kogi ke cike fal. Daga nan ya fara janyewa, har a Mayu da Yuni yashi ya fito fili, shanu su tsallaka da ƙafa a wasu wurare. A watan Yuni na 1985, bayan farin da aka sha, ruwan ya tsaya cak a Yamai, ya daina gudu. A Satumbar 2020 kuwa ya tashi kusan mita 7 a ma'aunin gari, ya fasa shingen Lamorde, dubban mutane suka kwana a makarantu. Yaron da aka zaunar a jirgi aka nuna masa alamar da ruwa ya bari a jikin ƙafar gada ba zai manta da wannan ba. Gani ya kori ji.

To wa zai yi jagorar? A nan ne nake jin tsoron a yi mana irin abin da aka saba, a kira wani kamfani, a sayo jiragen roba masu kala, a ɗauki samari masu Faransanci a sa musu riga iri ɗaya, a bar masu ruwan suna kallo daga gaɓa. Kogin nan yana da mutanensa. Zabarmawa da Sanwai na kiran su Sorko, danginsu da ke Kabi da Yawuri mu Hausawa muna ce musu Sarkawa. Su ne suka san inda ruwa ke da zurfi da inda dutse ke ɓoye, suka san makwancin giwan ruwa da na tarwaɗa, suka gaji labarin kakansu Faran Maka Bote da na Harakoy Dikko, uwar ruwa a tsohon addinin kogi. Duniya ta san su ta hanyar Jean Rouch, wanda ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya bi kogin a jirgi daga mafarinsa zuwa teku a 1946 da 1947 tare da abokansa biyu, daga baya ya ɗauki fim ɗin farautar dorina da mashi a yankin Ayoru a farkon shekarun 1950. Amma Rouch ba da idonsa kaɗai ya ga kogin ba. Damure Zika, ɗan Sorko na nan Yamai, shi ya buɗe masa ƙofa, ya kai shi wurin kakarsa da sauran masu sanin ruwa, suka yi aiki tare fiye da shekara 60. In ana neman wanda za a kira uban masu jagorar kogi a ƙasar nan, Damure ne. Ya rasu a 2009, kuma ɗaliban fim na Faris sun fi ɗaliban Yamai sanin sunansa.

Wanda ya taɓa shiga jirgin fito ya san abin da nake nufi da sanin ruwa. Matuƙi na tsaye a ƙarshen jirgi da doguwar gora, yana caka ta ƙasa, yana bin ta da hannu har ƙarshenta, sannan ya zare. Ba ya kallon fasinja, fuskar ruwa yake karantawa. Inda ruwa ya yi santsi kamar an shafa mai, ya san akwai zurfi, sai ya ajiye gora ya ɗauki filafili. Inda ya yi ƴan ƙananan tuƙa, yashi ne ke ƙasa, sai ya kauce. Yaronsa na tsugune a tsakiya da yankakken bido yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai, ba ya jira a ce masa. Wani fasinja ya motsa don ya gyara zama, jirgi ya ɗan karkata, sai ka ji murya daga baya ba tare da tsawa ba: «Alhaji, a zauna tsakiya, a bar gefe.» Alhajin kuwa, ko da wane ne shi a gari, sai ya zauna. Mutumin da manya ke bin umarninsa a kan ruwa ba ya bukatar a koya masa jagora. Abin da ya rage a koya masa kaɗan ne: agajin gaggawa, ƴan shekarun tarihi, da yadda ake magana da yara talatin a lokaci guda.

Shi ya sa ban ga dalilin kwaikwayon kayak ɗin Japan ba. A can ruwan gishiri ne, a nan ruwan daɗi ne mai ɗauke da tsargiya a wuraren da yake kwance, kuma jirgin da zai sa mutum ya jiƙe tun daga hawa ba alheri ba ne. Ga dorina. Ƙaramin jirgi mai mutum ɗaya a hannun ɗan koyo, a ruwan da dorina mai ɗa ke kiwo, neman rigima ne. Babban jirgin katako da masassaƙanmu ke haɗawa, mai rumfar tabarma, mai ɗaukar iyali guda, shi ya dace da mu. Daga Tomonoura tsarin kawai za mu ɗauka: jagora sananne, hanya sananniya, rigar ruwa kafin a taka jirgi, da soke tafiya in yanayi bai yi ba.

Maganar haɗari ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ƙin wannan ra'ayi ke da ita, kuma ba zan raina ta ba. A watan Nuwamba na 2014 dorina ta kifar da jirgi a Libore, ƙofar Yamai, yara ƴan makaranta 12 suka rasu. A Fabrairun 2019 jirgin ƴan kasuwa ya kife a yankin Sambera, mutum kimanin 40 suka ɓace. A Mayun 2021, can ƙasa a Wara ta jihar Kabi, jirgi ɗaya ya tafi da rayuka sama da 100. Uwar da ta ce ɗanta ba zai hau ba tana da gaskiyarta. Sai dai a duba abin da ke kashe mutane a kogin nan: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare ko cikin hadari, da rashin rigar ruwa ko ɗaya. Waɗannan duka abubuwa ne da doka ke iya gyarawa, kuma yawon kallo shi ne wuri mafi sauƙi da za a fara gyaran, domin ba wanda ke sauri, ba buhun gero da za a ɗora, fasinja kuma ya biya ne don ya dawo lafiya. In mutanen gari suka saba ganin jirgi da lamba a jikinsa da adadin mutanen da zai ɗauka, kowa da rigarsa, wata rana za su tambayi mai jirgin kasuwa ina tasa. Batun dorina kuma a bar wa masunta su faɗi inda ba a bi, a rubuta, a hukunta wanda ya matsa kusa don fasinja ya samu hoto. A 2017 manoman yankin Ayoru sun kashe dorinai sama da 20 saboda ɓarnar gonaki, a shekarar ce kuma gwamnati ta keɓe wa dabbar wuri a can. Manomin da dorina ke cinye wa shinkafa ba ya ganin ko dala daga gare ta. Da wani kaso na kuɗin kallonta yana shiga asusun ƙauyensa, da lissafinsa ya ɗan sauya.

Akwai masu cewa ana fama da tsadar shinkafa da matsalar tsaro, wa ke ta yawon kogi. Waɗannan ina roƙonsu su leƙa gidan tarihi na Boubou Hama ranar yawon salla, su ga yadda iyaye ke layi da yara don su ga dorina a cikin kwamin siminti, alhali ƴan uwanta na kogi suna kwance ba nisa da gari. Talaka ma yana fita da iyalinsa, wurin zuwa ne ya yi masa kaɗan. Wasu kuma na ganin bakin kogi wurin mashaya ne da sheƙe aya, mutumin kirki ba ya kai matarsa. Wannan suna ya samu ne don an bar gaɓar ga masu wannan harka. Jirgin da ke tashi da hantsi ya dawo kafin azahar, ko ya tashi bayan la'asar ya sauka kafin magariba, ɗauke da malami da ɗalibansa ko ƙungiyar mata, ba abin da ya haɗa shi da mashaya.

Babban dalilina ma ba kuɗi ba ne. Daga kan gada, a cikin mota, kogi kullum kyakkyawa ne, musamman in rana za ta faɗi. Daga cikin jirgi ne ake ganin bakin Gunti Yena, inda ƙazantar tsakiyar birni ke zubowa baƙa ƙirin, da leda da komai. Daga jirgi ake ganin tudun yashin da ƙoramar Kurtere ke turowa cikin kogi kowace damina tun da aka sare itatuwan tuddai, da kainuwar da ke toshe wa masunta hanya, da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa da sanin hukuma. Hukumar kula da kogin ta ƙasashe tara a nan Yamai hedikwatarta take, an kafa tushenta tun 1964. Rahotanni ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne mutanen gari da suka ga ɓarnar da idonsu har ta dame su.

A Tomonoura an taɓa gwada mutanen a kan haka. A 1983 hukumomi suka fito da shirin cike wani ɓangare na tashar da ƙasa, a ɗora gada a kai don motoci su daina cunkoso a lungunan garin. Garin ya rabu biyu, kuma masu son gadar ba mahaukata ba ne, titunan sun yi ƙunci har motar asibiti na shan wahala. Wasu mazauna suka kai ƙara. A Oktoban 2009 kotun Hiroshima ta hana a ba da izinin cikewar, bisa hujjar cewa kyan wurin da tarihinsa dukiya ce ta al'ummar ƙasa baki ɗaya. A 2012 gwamnan lardin ya janye shirin, aka koma ga haƙa hanya ta cikin dutsen da ke bayan gari, aka buɗe ta a 2025. Ba na cewa masu kayak ne suka ci shari'ar. Amma da mutanen garin ba su san tasharsu ba sai ta tagar mota, da ba a samu mai zuwa kotu ba. Mu a nan, lokacin shirin taron Tarayyar Afirka na 2019 an gina otal-otal da zauren taro, aka kuma sabunta filin jirgin sama. Mai kwale-kwale bai ga rabonsa a ciki ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi a madadinsa.

Abin da ake bukata don farawa bai kai kuɗin shataletale ɗaya ba. Ma'aikatar magajin gari ta zauna da shugabannin masunta da masu fito, a ware mashiga biyu ko uku, a share su, a yi ƴar matakala da rumfa da makewayi. A yi wa jirage rajista, jami'an kwana-kwana su duba su kafin kowace kaka, su kuma koya wa matuƙa ceto. A kafa farashi a rubuce a allo, wanda ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya biya wa iyalinsa ba tare da ciniki ba. In an ce jika ɗaya babba, rabi yaro, jirgi mai mutum goma da ya yi sawu biyu ranar Asabar ya fitar da abin cefane. Ma'aikatar ilimi kuma ta sa fita kogi cikin tsarin ƴan ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, a watannin sanyi, lokacin da baƙin ruwa ya cika kuma ba hadari. A rufe harkar gaba ɗaya a Agusta da Satumba.

Sharaɗi ɗaya ne nake so a rubuta tun ranar farko. Duk wanda ya san garin nan ya san in abu ya fara kawo kuɗi, wani mai hannu da shuni zai sayo jirgi mai inji biyu da kiɗa, ya nemi takarda ta bayan fage, ya mai da masu gora yaransa. A sa izinin jagora da sunan matuƙin da ke cikin jirgin, wanda masunta suka shaida ya san ruwa, mutum ɗaya izini ɗaya, ba a sayarwa kuma ba a ba da haya.